Awon yawan ƙwayar cuta a cikin jini: yadda na'ura take ƙirga abin da ido ba ya gani

Manomin da ya zuba wake a rumbu hankalinsa ba ya kwanciya sai ya san halin da waken yake ciki. Lokaci lokaci yakan buɗe, ya ɗebo tiya ɗaya, ya baza a faifai, ya duba. Idan ya ga ƙwaro ɗaya ko biyu, ya san da sauran dama. Idan ya ga faifai ya yi baƙi, ya san maganin da ya sa bai yi aiki ba. Bai ƙirga ƙwarin rumbu duka ba, amma tiya ɗaya ta ba shi labarin rumbu.

Haka likita yake yi da jinin mutumin da yake ɗauke da ƙwayar cutar SIDA. Yakan ɗibi jini kaɗan a ƴar kwalba, ya aika ɗakin awo, wanda muke kira labo. Can akwai na'urar da take ƙirga yawan ƙwayoyin da suke cikin jinin. A darasinmu na yau za mu bi wannan kwalba tun daga hannun mai ciwo har zuwa takardar da za a mayar masa. Wanda ya san abin da takardar take faɗa ba zai jefa ta a ƙarƙashin katifa ba.

Awo uku ne, kada a gama su

Mutane da yawa suna cewa "an yi mini awon SIDA", alhali awon ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda ake yi da ɗigon jini daga yatsa, a sami amsa kafin rabin awa. Shi ba ƙwayar yake gani ba. Yana ganin makaman da jiki ya ƙera don yaƙi da ita, kamar yadda sawu yake nuna cewa ɓarawo ya shigo gida. Amsarsa i ce ko a'a. An fara irin wannan awo a duniya a shekarar 1985, shekara biyu bayan da masana na cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka gano ƙwayar, a 1983.

Na biyu shi ne awon CD4. Waɗannan wasu fararen ƙwayoyin jini ne masu tsaron jiki, kuma su ne ƙwayar SIDA take ci. Mai lafiya yana da tsakanin 500 da 1500 a ɗan mitsitsin ɗigon jini. Idan suka gaza 200, cututtuka sun sami ƙofa.

Na uku shi ne darasinmu, wato awon yawan ƙwayar. A takardar labo da Faransanci ake rubuta shi: "charge virale". Idan muka koma ga rumbunmu, awon CD4 yana faɗin waken da ya rage, awon yawan ƙwaya kuma yana faɗin yawan ƙwarin da suke ci. Ƙwari sukan yi yawa tun kafin a ga wake ya ragu. Shi ya sa wannan awo yake riga sauran ba da labari. Tun shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka sani da OMS, ta ce shi ne awon da ya fi dacewa a bi mai shan magani da shi.

Ta yaya ake ƙirga abin da ba a gani?

Ƙwayar SIDA ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Sai an jera wajen 10.000 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Madubin likita da ake duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da shi ba ya ganinta. Ga ta da saurin haihuwa: a jikin wanda ba ya shan magani, ana iya samun sababbin ƙwayoyi wajen miliyar 10 a kwana ɗaya.

Dabarar da ta buɗe hanya ta fito ne daga wani masani na ƙasar Amurka mai suna Kary Mullis, a shekarar 1983. Tunaninsa mai sauƙi ne. Abu idan ya yi kaɗan har ba a iya ganinsa, sai a yawaita shi har a gan shi. Kowace halitta tana ɗauke da wani siririn zare a cikinta, wanda aka rubuta kamanninta a kai. Na mutum daban, na hatsi daban, na ƙwayar SIDA daban. Mullis ya gano yadda za a ɗauki wani ɗan yanki na wannan zare a yi ta kwafinsa, kamar yadda ake sa takarda ɗaya a injin fotokopi ta fito da yawa. Ana kiran wannan dabara PCR. Ta jawo masa kyautar Nobel a 1993.

Amma kwafin nan ba ɗaya bayan ɗaya yake tafiya ba, ninkawa yake yi. Mu yi lissafi tare, domin mu ƴan makarantar yaƙi da jahilci mun san lissafi. A sa ƙwayar hatsi ɗaya a ƙasa. A ninka ta, ta zama 2. A sake, ta zama 4, sannan 8, 16, 32. A ninki na goma an kai 1024. A na ashirin an haura miliyan ɗaya. A na talatin an haura miliyar ɗaya. Wanda bai yarda ba ya ɗauki alli ya gwada.

Kowane ninki da zafi ake yinsa. Ana ɗumama ruwan da zaren yake ciki har digiri 95, kusa da tafasa, sai zaren ya rabu biyu. A bar shi ya huce zuwa wajen digiri 60, sai wani sinadari ya bi kowane ɓari ya gina masa abokinsa. Ɗaya ya zama biyu ke nan. A sake ɗumamawa, a sake hucewa, haka haka har sau arba'in ko fiye.

Da farko aikin yana da wahala, domin zafi yana kashe sinadarin mai gini. Dole ma'aikaci ya tsaya yana buɗe kwalba yana ƙara sabo a kowane zagaye. Maganin wannan ya fito daga inda ba a zata ba. A wani daji na Amurka mai suna Yellowstone akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi, kuma wani masani, Thomas Brock, ya taɓa gano ƴan ƙananan halittu da suke rayuwa a cikinsu. Sinadarin da aka ciro daga jikinsu ba ya jin zafi. Da aka same shi, sai aka iya rufe kwalba a bar inji ya yi ta ɗumamawa da hucewa shi kaɗai.

Daga hannun mutum zuwa na'ura

A shekarar 1996 aka amince da awon farko na yawan ƙwayar SIDA don amfanin likitoci a Amurka. A shekarar ce kuma aka tabbatar cewa gama magunguna uku yana karya ƙarfin ƙwayar. Awon wancan lokaci ba ya ganin abin da ya gaza 400 a mililita ɗaya. Kuma yawancin aikin da hannu ake yi. Ma'aikaci ya tsotsi ruwa daga wannan kwalba ya zuba a waccan, ya wanke, ya jira, ya sake. Yini guda yana tafiya a kan jinin mutane ƴan kaɗan.

Hannu yana gajiya, ido yana kuskure. Ga kuma wani haɗari da ya fi wannan. Tun da dabarar tana mayar da ɗaya ya zama miliyar, ɗan feshin da bai kai a gani ba, idan ya tashi daga kwalbar wani ya faɗa a ta wani, ya isa ya ɓata amsa. Sai a ce wa mai lafiya maganinsa ba ya aiki. Shi kansa ma'aikacin yana cikin haɗari, domin yini yake yi yana buɗe jinin mutane.

Saboda haka kamfanoni suka ƙera na'urorin da suke yin aikin duka a rufe. Daga cikin waɗanda aka fi sani a Afirka akwai m2000 ta kamfanin Abbott da Cobas ta kamfanin Roche. Ta farkon tana ɗaukar gurbi 96 a zubi ɗaya. Manyan na yanzu suna fitar da amsa ɗaruruwa a yini. Kuma idonsu ya ƙara kaifi: suna gani har zuwa 40, wasu har 20, a mililita ɗaya. Mililita kuwa ɗigo ashirin ne ko kusa da haka. Ƙaramin cokalin shayi yana cin mililita biyar.

Mu bi kwalbar

Ana ɗibar jinin daga jijiyar hannu, a zuba a kwalba mai murfi shuɗi-ja, kalar makuba. A cikinta akwai maganin da yake hana jini daskarewa. Ba sai mutum ya zo da yunwa ba, yana iya karya kumallo. Ana manna wa kwalbar lamba. A manyan labo wannan lamba ce na'ura take karantawa, ba suna ba, kuma wannan yana taimakawa wajen rufin asiri.

Daga nan sai a sa kwalbar a injin juyi. Yana juya ta da gudu, jan jini mai nauyi ya kwanta ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya taso sama, kamar yadda ƙullu yake kwanciya ruwa ya tsaya a kai. Wannan ruwa ake aunawa. Dole a raba shi da wuri, cikin awoyi kaɗan, kada a wuce kwana ɗaya, sannan a ajiye shi a sanyi. Zaren ƙwayar SIDA ba ya jure zafi.

Idan ya shiga na'ura, wani hannun ƙarfe ne yake tsotsarsa, kuma kowane jini da sabon bakin tsotsa. Aiki na farko shi ne fasa ƙwayar. Ana zuba sinadarin da yake narkar da ɓawonta, zaren ya fito fili. Sai a zuba wani gari mai ƙarfe a ciki, wanda zaren yake manne masa. Mayen ƙarfe ya janye garin gefe ɗaya ya riƙe, a wanke sauran dattin jini ya tafi. Sussuka da shiƙa ke nan: an fitar da tsaba, an zubar da ƙaiƙayi.

Zaren ƙwayar SIDA wani iri ne da ba ya kwafuwa kai tsaye. Sai an juya shi tukuna, kamar mai juya wasiƙar ajami zuwa boko. Magana ɗaya ce, rubutu ne ya sake. Bayan haka ninki ya fara.

To, ina ƙirgar take? An sa wani sinadari a cikin ruwan wanda yake ba da ɗan haske duk lokacin da aka yi sabon kwafi. Na'ura tana da ido mai auna haske a ƙarshen kowane zagaye. Matan da suke kafa nono sun san wannan lissafi: madarar da aka zuba wa tsami da yawa ta fi saurin kama wadda aka ɗiga wa kaɗan. Haka nan jinin da yake cike da ƙwaya, haskensa yakan bayyana da wuri. Wanda yake da kaɗan sai can wajen ƙarshe. Idan jinin wani ya ninka na wani sau goma, haskensa yakan riga da zagaye uku da ɗan kai. Kwamfuta tana gwada lokacin da hasken ya fito da na wasu ruwaye da aka riga aka san yawan abin da ke cikinsu, sai ta fitar da adadi.

Na'ura ba a yarda da ita haka kawai. A cikin kowane jini ana jefa wani zare na shaida wanda aka san yawansa. Idan shaida bai fito ba, an san aiki ya ɓaci, ba za a ba da amsa ba. Don haka idan aka ce wa mutum ya dawo a sake ɗibar jini, kada ya tsorata, kada ya yi fushi. Sau da yawa ba jikinsa ba ne, awon ne bai yi kyau ba. Gara a sake da a ba shi ƙarya.

Zafi, ƙura da nisan hanya

Manyan na'urori suna son kuran da ba ya yankewa, da ɗaki mai sanyi, da ƙwararrun ma'aikata. Shi ya sa a manyan birane ake girka su. Mu kuwa ƙasarmu tana da faɗi. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma a bazara zafi yana haura digiri 40. Ruwan jinin da ya kwana a mota babu ƙanƙara, ko ya isa, amsarsa ba abin dogara ba ce.

An samo dabaru biyu. Ta farko ita ce busasshen jini. Ana ɗiga jini a kan wata takarda ta musamman mai da'ira biyar, a bar shi ya bushe a inuwa, a sa a leda tare da abin da yake shanye laima. Haka yana iya tafiya kwanaki babu firijo. A labo sai a yanke da'irar a jiƙa ta. Awon bai kai na ruwan jini kaifi ba idan ƙwayar kaɗan ce, amma yana iya nuna wanda ya haura 1000, kuma shi ne abin da aka fi bukata a sani.

Ta biyu ita ce ƙaramar na'ura mai suna GeneXpert, wadda ake iya ɗora wa tebur. Masu tarin fuka sun riga sun san ta, domin OMS ta amince da ita wajen awon majina tun ƙarshen shekarar 2010, kuma ana aiki da ita a asibitocin ƙasarmu. Labo ɗinta duka yana cikin wani ɗan akwatin roba da bai wuce cikin tafin hannu ba. Ana zuba ruwan jini mililita ɗaya, a rufe, a saka. Fasawa, wanki, ninki da ƙirga duk a ciki suke. Bayan minti 90 amsa ta fito, a jefar da akwatin. Kowace cuta da nata akwati: na tarin fuka daban, na SIDA daban, na ciwon hanta daban. A shekarar 2020 ma da irinta aka yi ta awon cutar korona a ƙasashe da yawa. Sai dai ita ma tana da tata lalura. Ba ta son ɗaki ya haura digiri 30, ƙurar hunturu tana toshe ta, kuma idan akwatuna suka ƙare sai ta zauna kamar turmi babu taɓarya.

Mu karanta takardar

Idan takarda ta zo, a nemi wurin da aka rubuta "copies/ml". Adadin da yake gabansa shi ne yawan kwafin zaren ƙwaya a mililita ɗaya. Mai ciwon da bai fara magani ba ana iya samunsa da dubu goma, ko dubu ɗari, ko miliyan. Idan kuwa aka ga kalmar "indétectable", ko alama kamar "<40", ma'anarta ƙwayar ta ragu har na'ura ba ta iya ƙirga ta. Wannan ita ce amsar da ake nema. Yawancin masu shan magani a kan ƙa'ida suna kaiwa nan cikin wata shida.

A nan ne muke so mu ja kunne, domin a nan ake faɗawa rami. "Ba a gani ba" ba ya nufin "an warke". Ƙwayar tana ɓuya a cikin wasu ƙwayoyin jiki da suke kwance, inda magani ba ya fitar da ita. Ran da aka bar magani, cikin makonni kaɗan ta dawo ta cika jini. Akwai masu sayar da sassaƙe da jiƙo da suke cin kasuwa da wannan takarda. Sukan ba mutum ƙullinsu alhali yana shan maganin likita, idan amsa ta fito da kyau su ce aikinsu ne, su ce ya bar na asibiti. Mu a ganinmu wannan ba neman abinci ba ne, kisan kai ne a hankali.

Shawarar OMS ita ce a yi awon bayan wata 6 da fara magani, a sake a wata na 12, daga nan sau ɗaya kowace shekara. Ɗan hawa da sauka kada ya tayar da hankali. Wanda aka samu da 20.000 yau, gobe a same shi da 30.000, wurin likita kusan abu ɗaya ne. Haka kuma wanda ya daɗe ba a ganin komi a jininsa, wata rana a ga ɗari da wani abu, sau da yawa awo na gaba yakan koma daidai. Amma a koma a sake, kada a yi zaman zato.

Idan adadi ya haura 1000

Mu ɗauki misali. Wani magidanci ya shekara biyu yana shan magani, jikinsa ya murmure, yana noma gonarsa. Da rani ya tafi cin rani, ƙwayoyinsa suka ƙare a can, ya ji kunyar tambaya. Ya yi wata biyu bai sha ba. Da ya dawo babu abin da yake masa ciwo, amma awo ya nuna 45.000. Ba don na'ura ba, da sai bayan shekara ko fiye, ran da rama da gudawa suka kwantar da shi, za a gane.

Likita ba ya sake magani nan take. Yakan zauna da mutum su binciki dalili. Mantuwa ce? Tafiya ce? Ɓoyon magani ne don kada kishiya ko maƙwabci su gani? Rashin abinci ne? Ko wani magani ne yake rage masa ƙarfi? Maganin tarin fuka da ƙwayoyin ƙarin jini suna iya yin haka ga maganin da aka fi bayarwa yanzu, mai ɗauke da dolutegravir, shi ya sa ake gaya wa likita duk abin da ake sha. Bayan an gyara, sai a sake awo bayan wata uku. Idan adadi ya sauka, magani yana nan da ƙarfinsa. Idan bai sauka ba alhali mutum yana sha kullum, mai yiwuwa ƙwayar ta saba da maganin, kamar ƙwarin da suka daina jin fesa, sai likita ya duba batun sake wani.

Faɗin gaskiya a nan riba ce. Wanda ya ce "kullum ina sha" alhali ba haka ba ne, yana iya sa a raba shi da magani mai sauƙi, ƙwaya ɗaya a yini, a kai shi ga mai wuya. Masu tafiya cin rani su nemi guzurin magani kafin su tashi. Mai azumi kuma ya shawarci likita a mayar masa da lokacin sha zuwa dare, kada ya bari.

Aure, ciki da jariri

A ƙasarmu an ga mai ciwon SIDA na farko a shekarar 1987. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mutum 4 cikin 1000, daga ƴan shekara 15 zuwa 49, suna ɗauke da ƙwayar. Adadin kaɗan ne idan aka gwada da wasu ƙasashe, amma ga gidan da abin ya faɗa wa, tambaya ɗaya ce: aurenmu fa, ƴaƴanmu fa?

Na'ura ta kawo amsa mai daɗi. Wani babban bincike da aka bayyana a 2011 ya nuna cewa fara magani da wuri ya rage kamuwar abokin zama da kashi 96 cikin 100. Binciken da ya biyo baya, a 2016 da 2019, ya bi ma'aurata da abokan zama masu yawa, inda ɗaya yake ɗauke da ƙwaya ɗaya ba ya da ita. A cikin waɗanda ƙwayarsu ta kwanta, ba a sami ko mutum ɗaya da ya sa wa abokin zamansa ba. A 2023 OMS ta faɗa a fili: wanda ba a ganin ƙwaya a jininsa, kuma yana ci gaba da shan magani, ba ya ba da ita ta hanyar kwanciya. Gidaje nawa aka raba a da saboda rashin wannan sani? Sai dai a lura, maganar ta tsaya ne a kan awo na gaskiya da shan magani kullum, ba a kan kyawun jiki ba. Kuma ba ta kare mutum daga sauran cututtukan sanyi.

Mace mai ciki ita ma awon yana da nauyi a kanta. Idan babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna ɗaukar ƙwayar daga uwa, a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Da magani, adadin yana komawa ƙasa da 5. Ta nono haɗarin yana raguwa ƙwarai amma ba a ce ya ƙare sarai ba, don haka mai shayarwa ta fi kowa bukatar riƙe maganinta da zuwa awo.

Shi jariri awon yatsa ba ya faɗin gaskiya a kansa, domin makaman jikin uwarsa suna cikin jininsa har wajen wata 18. Sai PCR, wadda take neman ƙwayar kanta. Ana ɗan tsaga dugadugansa yana da mako 4 zuwa 6, a ɗiga a takardar busasshen jini. Uwa ta koma ta karɓi amsa. Jaririn da ya kamu, idan ba a fara masa magani da wuri ba, ciwon yana saurin cinsa fiye da babba.

Abin da ya rage mu sani

Ƙwayar SIDA iri biyu ce. Ta biyun, VIH-2, an gano ta a 1986, kuma a Afirka ta Yamma aka fi samunta. Na'urorin da muka ambata yawancinsu ta farko suke ƙirgawa. Mai ɗauke da ta biyu yana iya samun takarda mai cewa ba a ga komi ba alhali ba a nemi tasa ƙwayar ba. Ya tambayi likita wace iri ce yake da ita, domin bibiyarsa daban ce.

Wannan dabara ita ce kuma ake auna ciwon hanta da ita. Ciwon hanta na B ya fi SIDA yawa a yankinmu nesa ba kusa ba, kuma yana cin hanta shekaru babu alama, kafin ciki ya kumbura ko ido ya yi shawara. A takardarsa ba "copies" ake rubutawa ba, "UI/ml" ne. Mai cikin da aka samu da 200.000 ko fiye, ana ba ta maganin tenofovir a watannin ƙarshe don kare jariri, shi kuma a yi masa allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Ciwon hanta na C kuwa ana warkewa daga gare shi sarai, da maganin mako 12. Na'ura ce take ba da shaida: idan bayan mako 12 da gama magani ba a ga ƙwaya ba, an rabu da ita.

Ran da aka ɗibi jininmu, mu tambayi ma'aikacin lafiya yaushe amsa za ta dawo, mu sa a rubuta mana ranar a katinmu. Idan ranar ta zo mu koma, ko da jiki lafiya lau. Idan ba ta iso ba mu sake tambaya, domin takardu sukan kwanta a labo ko a cikin dosiye babu wanda ya duba. Idan an ba mu, mu ce a karanta mana adadin da baki, mu kwafe shi da hannunmu a littafi tare da kwanan wata, mu riƙe don awon baɗi.